Mindar Turawa mai rubutun "N. Nigeria 1903": abin ajiyewa ce ko abin ɓoyewa?

Tattaɓa_Kunne

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai wata minda ta azurfa a gidanmu wadda aka ce ta kakan mahaifinmu ce, kuma tun rasuwar babban wanmu ta zama abin gardama tsakanin 'yan'uwa. A fuska ɗaya akwai hoton wani sarkin Ingila mai gemu sanye da kayan soja, a ɗaya fuskar kuma wata mace ce a tsaye da zaki a gefenta, an rubuta "AFRICA" a ƙasa. A saman mindar akwai siraran ƙarafa biyu a jere, na ƙasa yana ɗauke da rubutun "N. NIGERIA 1903", na sama kuwa datti ya cike shi har ba a iya karanta shi sosai. Wasu daga cikinmu suna ganin kayan girma ce da ya kamata a sa a gilashi a rataye a zaure, wasu kuma suna cewa shaida ce ta cewa kakanmu ya taya Nasara cin ƙasarmu, don haka gara a rufa wa gida asiri. Ina roƙon masana su bayyana mana mene ne ainihin wannan minda, sannan kowa ya faɗi abin da yake ganin ya dace a yi da ita.

Malamin_Tarihi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Siffar da ka bayar ta isa a gane ta. Sunanta a wurin Turawa Africa General Service Medal, an ƙirƙiro ta a shekarar 1902 domin sojojin da suka yi ƙananan yaƙe-yaƙen Ingila a Afirka, kuma sarkin da ka gani shi ne Edward na bakwai. Macen da ke tsaye da zaki ita ce alamar da Ingilishi suke kwatanta ƙasarsu da ita. Idan ƙyallenta na asali yana nan, za ka same shi rawaya da baƙi a gefe biyu da siraran layuka kore guda biyu a tsakiya.

Abin lura shi ne ba a taɓa bayar da wannan minda ita kaɗai ba, dole sai da siririn ƙarfen da ke faɗin yaƙin da mutum ya halarta, kuma an yi irin waɗannan ƙarafa guda 45 tun daga farkonta har zuwa na ƙarshe mai rubutun "Kenya", wanda aka bayar saboda yaƙin Mau Mau na 1952 zuwa 1956. A cikinsu akwai na yaƙin Aro na 1901 zuwa 1902, akwai na ƙasar Somaliya inda aka daɗe ana fafatawa da Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan, akwai kuma da dama na Arewacin Najeriya. Naku na 1903 ya ƙunshi lokacin da ya fara daga 29 ga Janairu, ranar da rundunar Kanar Morland ta tashi daga Zariya ta nufi Kano, har zuwa 27 ga Yuli, ranar da aka yi yaƙin Burmi na ƙarshe. Ma'ana, kakanku yana cikin waɗanda suka yi aiki a yaƙin Kano da Sakkwato, sai dai ƙarfen ba zai gaya maka ko a wane fage ya tsaya ba. Ka duba bakin mindar, wato kaurinta ta gefe, domin a nan ake buga lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa.

ƊanBadala

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Ni dai ba zan yi kwana-kwana ba. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 Lugga ya kawo sojojinsa suka fasa ganuwar Kano ta wajen Kabuga, aka kashe Sarkin Shanu yana kare gidan sarki, sannan a Kwatarkwashi aka kashe Waziri Ahmadu da jama'arsa. Wannan minda lada ce ta wannan aiki, ba ta wani aiki daban ba. Ban ce a zagi mamaci ba, Allah ya jiƙan Musulmi duka, amma rataye ta a zaure inda yara za su taso suna ganinta a matsayin kayan girma abu ne da zuciyata ba ta karɓa ba. Wanda kakansa ya faɗi a bakin ƙofar nan ba shi da azurfar da zai rataya, kuma yana iya zama maƙwabcinku ne da zai shigo zauren gaisuwa.

Basakkwace

Ɗan'uwa ƊanBadala, akwai gyara kaɗan a maganarka. Lugga bai jagoranci harin Kano da kansa ba, Morland ne ya ja rundunar, shi Lugga daga baya ya iso. Kuma Sarkin Kano Alu ba ya gari a ranar, ya tafi Sakkwato da yawancin mayaƙansa, shi ya sa aka yi karon Kwatarkwashi a hanyarsu ta komowa. Wani abin da ya shafi zancenmu shi ne, a wannan karon ne wani Laftanar Wright ya samu lambar jarumta mafi girma ta Ingila, alhali sojojin doki baƙar fata da suka tsaya tare da shi a sahu abin da ya kai gare su shi ne irin wannan minda ta gama-gari.

A wajenmu kuwa, ranar 15 ga Maris aka yi karon Giginya a bayan garin Sakkwato, kuma bai daɗe ba, domin doki da mashi da takobi ba su iya isa inda bindiga mai ruwa da igwa suke. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a masu yawa suka bi shi, talakawa da sarakuna, har aka cim masa a Burmi inda ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane. A ɓangaren Turawa ma an kashe Manjo Marsh a wannan rana. Ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya wuce da sauran jama'a har ƙasar Sudan, inda zuriyarsu take har yanzu a bakin kogin Nilu. Duk wannan yana cikin siririn ƙarfen nan da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Saboda haka ina tare da kai a kan cewa ba kayan ado ba ce, amma ban yarda a ɓoye ta ba.

Hajiyar_Tudunwada

'Ya'yana, ku yi a hankali da hukunta mutumin da ba ku san halin da ya tsinci kansa ba. Mu da muka tashi kusa da bariki mun ga tsofaffin sojoji da yawa, kuma kusan kowannensu idan ka bi tarihinsa za ka tarar ko dai yunwa ce ta kore shi daga gida, ko kuma an kama shi yana yaro an sayar, ya gudu ya faɗa hannun Bature. Wanda aka raba da uwarsa a harin bayi, da wane ido kuke so ya dubi sarkin da ya aiko mahara? Ban ce abin da suka yi daidai ne ba, amma ban ga dalilin da zai sa jikoki su ji kunyar tsohonsu ba.

Ɗalibar_Tarihi

Maganar Hajiya tana da tushe mai ƙarfi. Rundunar da ta ci Kano ba ta Turawa zalla ba ce. Hafsoshi da sajoji farar fata ba su wuce 'yan gomiya ba, sauran sama da mutum 700 duk 'yan Afirka ne, ban da 'yan dako masu ɗimbin yawa da suka ɗauki harsasai da abinci da sassan igwa a ka. Turawa suna kiran yawancinsu Hausawa saboda Hausa ce harshen bariki, amma a cikinsu akwai Yarabawa da Nufawa da Barebari da Zabarmawa da mutanen ƙabilu da yawa waɗanda Hausa ba harshen uwa ba ce a gare su. Asalin abin ma tun 1863 ne a Legas, lokacin da wani jami'in Ingila mai suna Glover ya tara wasu bayi da suka tsere wa iyayengijinsu ya mai da su ƙaramar runduna, daga baya a 1897 aka ɗora wa Lugga aikin kafa babbar rundunar Yammacin Afirka.

Abin da ya fi jan hankalina game da irin wannan minda shi ne sunan da ke bakinta. Magatakardan soja yakan rubuta sunan yanka ne ya haɗa da sunan garin da mutum ya ce ya fito, shi ya sa ake yawan ganin sunaye masu ƙarewa da Kano ko Bauci ko Katsina ko Zariya. Talakan wancan zamani da wuya a samu sunansa a rubuce a ko'ina, domin tarihin da malamanmu suka rubuta na sarakuna ne da waziransu, rahoton Turawa kuma na hafsoshinsu ne. Bakin mindar nan yana daga cikin wurare ƙalilan da farabiti, wato ƙaramin soja marar muƙami, ya bar sunansa. Waɗanda suka faɗi a Giginya da Burmi kuwa, ban da manya da aka sani, babu wanda ya jera sunayensu.

TsohonSoja

Ni na yi aikin soja har na yi ritaya, kuma ina so matasa su fahimci bambancin lambobi. Akwai lambar jarumta, wadda ake ba mutum ɗaya saboda wani abin bajinta da ya yi, akwai kuma lambar halartar yaƙi, wadda ake ba duk wanda sunansa yake cikin rajista a tsakanin rana kaza da rana kaza a wuri kaza. Wannan ta biyun ce. Wanda ya harba igwa ya samu, mai busa bigila ya samu, wanda ya kwana yana gadin kaya a sansani shi ma ya samu. Don haka ƊanBadala, ba za ka iya ɗaukar mindar ka ce ga hannun da ya kashe wane ba, kamar yadda masu son ratayewa ba za su iya cewa shaidar jarumta ce ba.

Sannan a tuna cewa rundunar sojan Najeriya ta yau daga waccan runduna ta samo asali, kuma ita kanta tana lissafin shekarunta ne daga 1863. Barikin Lokoja yana ɗauke da sunan Chari Maigumeri, wanda ya fara yi wa Jamusawa soja a Kamaru kafin ya koma wajen Ingilishi ya kai muƙamin samanja. Idan za mu goge duk wanda ya sa kakin Bature, to, aikin gogewar zai yi nisa fiye da yadda ake tsammani.

ƊanBadala

Ranka ya daɗe, na ji bayaninka kuma ina girmama shi, amma mai gadin kaya ma da gadinsa aka ci garin. Wanda ya yi yaƙin Bama da Japanawa daban, wanda aka turo ya fasa ƙofar garinsu daban.

Zangon_Kumasi

Gaisuwa daga Gana. Irin wannan gardama mun san ta a nan, sai dai tamu ta juya ne ta wata fuska, domin a nan sojan Hausa baƙo ne da aka kawo ya yaƙi Asante. A yaƙin 1873 zuwa 1874 an yi minda mai ƙarfen da aka rubuta sunan Kumasi da tsohon rubutun Turawa, a 1896 da aka kama Sarki Prempeh an ba sojoji tauraro na tagulla, sannan a 1900 lokacin yaƙin Yaa Asantewaa an sake yin wata mindar, kuma a wannan karon har daga Arewacin Najeriya aka kwaso sojoji ƙarƙashin Willcocks. Da yawa daga cikin waɗanda aka sallama ba su koma gida ba, suka zauna a zango suka yi aure suka shiga fataucin goro. Akwai gidajen da na sani masu irin waɗannan lambobi, kuma ban taɓa ganin an rataye su a fili ba, ban kuma ji an jefar ba. A cikin akwati suke tare da takardun fili, ana fito da su ne idan ana son nuna wa yaro tun yaushe gidan yake a garin.

Ɗan_Damagaram

Mu ma a Nijar muna da tamu. Faransa ta ƙirƙiro lambarta ta mulkin mallaka a 1893, mai ƙyalle shuɗi da fari, ita ma da ƙarafan da ke faɗin yankin da aka yi yaƙi, kuma sai a 1962 aka sauya mata suna. Idan aka tuna abin da rundunar Voulet da Chanoine ta yi a 1899 a Birnin Ƙonni da sauran garuruwan da ta bi ta ƙone, da karon da ta yi da Sarauniya Mangu a Lugu, da yadda aka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini a wannan shekarar, za a ga cewa tambayar Tattaɓa_Kunne ba ta Najeriya kaɗai ba ce. A can ma yawancin masu riƙe da bindigar baƙar fata ne da aka kwaso daga yamma. Ra'ayina ya fi kusa da na Basakkwace.

Maƙerin_Azurfa

Ni ba masanin tarihi ba ne, sana'ata ƙira, amma ina da shawara kafin a yi ɓarna. Don Allah kada a goge ta da toka ko yashi ko ruwan batir, domin rubutun bakin ba shi da zurfi, gugar kirki ɗaya za ta cinye shi. A samu ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi da tsohon buroshin haƙori mai laushi, a bi ƙarfen na sama a hankali, a shanya da tsumma mai taushi. Baƙin da azurfa take yi ba lalacewa ba ce, a bar shi. A zamanin mahaifina an sha kawo irin waɗannan a narkar a yi zobe ko awarwaro, kuma azurfar da ke ciki ba ta taka kara ta karya ba. Masu sayen kayan da kuma za su zo su taya da kuɗin nauyi, su kai waje a yi gwanjonta da daraja mai yawa saboda sunan da ƙarafan.

Tattaɓa_Kunne

Na gode ƙwarai, Baba maƙeri. Na bi yadda ka ce, kuma rubutu ya fito. A bakin akwai lamba, da sunansa na yanka haɗe da sunan wani gari da ba mu taɓa jin an danganta gidanmu da shi ba, abin da ya ba dattawanmu mamaki. Ƙarfen na sama kuma "N. NIGERIA 1906" ne. Malam, wane yaƙi ne wannan?

Malamin_Tarihi

To, zance ya ƙara nauyi. Ƙarfen 1906 na yaƙi biyu ne, Satiru da Haɗeja. Satiru ƙauye ne a kudu da Sakkwato inda talakawa da bayin da suka gudu suka taru a kan da'awar Mahadi, tare da wani malami da ake kira Ɗan Makaho wanda ya tsallako daga ƙasar da Faransa ke mulki. Ranar 14 ga Fabrairun 1906 suka fatattaki sojan doki da aka tura musu, suka kashe Turawa uku, cikinsu har da Razdan Hillary, da sojoji fiye da ashirin, suka kuma ƙwace bindiga mai ruwa, alhali yawancin makamansu gatura ne da fartanyu da baka. Ranar 10 ga Maris runduna ta dawo ƙarƙashin Manjo Goodwin, aka kashe mutane kimanin 2,000, aka rushe garin, aka hana sake zama a wurin. Kisan ya yi munin da har a Landan Winston Churchill, wanda a lokacin yake ƙaramin minista a ma'aikatar mulkin mallaka, ya soki abin a rubuce.

Akwai abin da ya kamata a faɗa saboda adalci. A Satiru fadar Sakkwato ta tsaya ne tare da Turawa, domin masu tawayen ba Nasara kaɗai suka yi wa tawaye ba, har da sarauta. Ke nan layin da ake so a ja tsakanin namu da nasu bai miƙe ba kamar yadda ya yi kama da miƙewa a 1903.

Bahaɗeje

A watan Afrilun wannan shekara aka zo mana. Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka shiga garin da igwa, ya yi shahada shi da 'ya'yansa da manyan fadawansa, shi ya sa har gobe Mai Shahada muke kiransa. Malam ya ce ƙarfe ɗaya ne na yaƙi biyu, to, ina fatan a gano wanne kakan nasu ya je, ko da yake ko wanne ne babu daɗin ji.

Hajiyar_Tudunwada

Ɗana Tattaɓa_Kunne, wannan sunan garin da ya fito shi ne abin da za ku bi. Kafin ku yanke komai ku zauna da tsofaffin matan gidan, gwaggwanni da kakanni, domin su ne suke riƙe da irin wannan labari, kuma ba sa faɗa sai an tambaya. Ba mamaki daga can aka rabo shi yana yaro.

Ɗalibar_Tarihi

Ƙari a kan shawarar Hajiya, rajistar waɗanda aka ba lambobin yaƙi tana ajiye a babban gidan adana takardun Ingila da ke Kew, kuma da lambar soja ake nema, ba da suna kaɗai ba, saboda sunaye iri ɗaya sun yi yawa. A Kaduna ma akwai gidan adana takardu na ƙasa da kuma Gidan Arewa, inda za a iya samun rahotannin lardi na waɗannan shekaru. Ni da za a bi tawa, da an kai mindar Gidan Makama a Kano ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, a ajiye ta kusa da sulke da takubban waɗanda aka yaƙa, a rubuta bayani da Hausa.

ƊanBadala

Wannan na yarda da shi, matuƙar bayanin zai faɗi Satiru da adadin waɗanda aka kashe, ba sunan sarkin Ingila da nauyin azurfa kaɗai ba.

TsohonSoja

Ni kuma ban goyi bayan a fitar da ita daga gida ba. Lambar soja ta iyalinsa ce, kuma na ga kayan da aka kai ajiya aka dawo bayan shekaru ba a same su ba. A ɗauki hotonta gaba da baya da baki, a ba masu bincike, ita kuma ta zauna a hannun babban gida.

Basakkwace

Ranka ya daɗe, ai nan ma akwai magana, domin idan ta zauna a gida kayan gado ce, kuma magadan mutumin da ya yi soja a 1903 yanzu sun kai gidaje nawa? Wanda take hannunsa riƙo kawai yake yi, ba shi da ikon sayarwa ko bayarwa shi kaɗai. Malamai na fiƙihu da ke zauren nan su taimaka mana da hukuncin abin da ba ya rabuwa kuma magadansa suka yi saɓani a kansa, wasu na son ajiyewa wasu na son rabuwa da shi.